Garin Ƙwai Ko Ɗanyen Ƙwai? Gardamar Masu Fatsa A Shabu

Duk matafiyin da ya baro Akwanga ya nufi Lafiya, kafin ya shiga cikin birni sai ya ratsa ta Shabu. Gari ne na manoma, masu doya da rogo da masara da agushi, kuma a nan ne Jami'ar Jihar Nasarawa ta Keffi ta ajiye Tsangayar Aikin Gona, wadda a cikinta akwai sashe guda mai koyar da kiwon kifi da sha'anin su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji samarin wannan yanki suna gardama a kan abincin kifi kamar yadda na wasu wurare suke gardamar ƙwallo. Daga cikin abubuwan da ake ja-in-ja a kansu akwai wata tambaya wadda da jinta an san baƙuwa ce, watau, in mutum zai haɗa ƙoton fatsa da hannunsa, da garin ƙwai da ɗanyen ƙwan kaza, wanne ya fi?

Tambayar ƙarama ce, har wani zai ce ba ta cancanci a ɓata tawada a kanta ba. Amma fa akwai kuɗi a cikinta, kuma kuɗin na mutanen da ba su da shi da yawa ne. A ƙarshen shekarar 2024 kiret ɗin ƙwai mai guda 30 ya haura naira 5,000 a kasuwanni da dama na ƙasar nan, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Wanda zai fasa ƙwai goma ya kwaɓa da gari ya jefa a ruwa, lalle ya kamata ya san dalilin da ya sa yake yin haka, ya kuma san ko kifin da yake nema zai kula shi.

Asalin maganar daga Ingila ta fito. Can akwai wasu masu fatsa da ba su da buri a duniya sai na kama wani kifi da ake kira kaf, kifi ne mai manyan ɓawo a jiki, mai faɗin gadon baya, wanda yake kiwo a ƙasan tafki yana tonon laka. Ba don ci suke kama shi ba. In sun kama sai su auna nauyinsa, su ɗauki hoto da shi, sa'an nan su mayar da shi ruwa lafiya lau, abin da masuncin Binuwai zai ji ya riƙe baki. A watan Satumba na 1952 wani mai suna Richard Walker ya kama kaf mai nauyin laba 44, watau kimanin kilo 20, a wani ɗan tafki da ake kira Redmire. An kai kifin gidan ajiye namun daji na Landan, mutane suka yi ta zuwa kallo shekara da shekaru. Abin lura a nan shi ne, da burodi ya kama shi, ba ƙwai ba komai.

To, da masu neman kaf suka yawaita, sai suka haɗu da matsalar da duk mai fatsa a Kogin Mada ko dam ɗin Doma ya sani. Ƙoto mai taushi ba ya jiran babban kifi. Kafin babba ya iso, ƙanana sun yayyage shi sun bar ƙugiya tsirara. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 wani mai fatsa da ake kira Fred Wilton ya shahara da wata dabara. Ya riƙa haɗa gari mai yawan sinadarin gina jiki, musamman irin wanda ake fitarwa daga madara, ya kwaɓa shi da ƙwai a maimakon ruwa, ya mulmula ƙananan curi kamar girman magarya, ya jefa su a tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu, ya tsame ya shanya. Duk matar da ta taɓa yin ɗan wake ta san wannan aiki. Curin yana fitowa da fata mai tauri wadda ƙananan kifi ba su iya gutsura, shi kuwa kaf yana da haƙora a cikin maƙogwaro masu murƙushe ko da dodon koɗi ne. Wannan dafaffen curi shi Turawa suke kira boili, kuma a kansa ne aka gina sana'a mai cin miliyoyi a Turai.

Ke nan aikin ƙwai a cikin wannan ƙoto aikin ɗauri ne, kamar na siminti a jikin bulo. Farin ƙwai yana fara daskarewa idan zafi ya kai digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyos, gwaiduwa kuwa sai wajen 65 zuwa 70. Da ya daskare sai ya kama ƙwayoyin garin ya riƙe su, ruwa ba ya narkar da su da wuri. Gwaiduwa tana da maiƙo, tana kuma da wani sinadari mai sulhunta mai da ruwa, shi ya sa in an zuba man kifi ko wani mai a kwaɓin yake shiga ko'ina daidai. Masu wannan sana'a sukan sa ƙwai takwas zuwa goma a kowane kilo na busasshen gari. Wanda ya ɗauka ƙanshin ƙwan ne yake jawo kifi ya yi kuskure. Dafaffen ƙwai ƙanshinsa a ruwa kaɗan ne ƙwarai, abin da ke kiran kifi yana cikin sauran kayan haɗin.

Shi kuwa garin ƙwai ba wani abin al'ajabi ba ne. Ƙwan kaza in an cire ɓawo nauyinsa kimanin giram 50 ne, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan ruwa ne zalla. A masana'anta sai a fasa ƙwai, a tace, a ɗumama shi gwargwadon da zai kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya dahu ba, sa'an nan a fesa shi kamar hazo a cikin wani dogon rumbun ƙarfe mai iska mai zafi. Ruwan ya tashi, gari ya zubo ƙasa. Abin da ya rage daga ƙwai guda bai wuce giram 12 ko 13 ba, watau kilo ɗaya na gari yana tsaye a madadin ƙwai wajen 80, kiret uku ba kaɗan. In za a yi aiki da shi, sai a auna gari kashi ɗaya a zuba ruwa kashi uku bisa nauyi, ya komo kusa da yadda yake da farko. Mutanen Ingila sun san shi tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka fara kawo musu shi daga Amurka a 1942, kowane ƙunshi a madadin ƙwai dozin guda, a zamanin da rabon babban mutum na ɗanyen ƙwai bai wuce ɗaya a mako ba. Sun ci, amma ba su taɓa yabonsa ba.

Masu goyon bayan gari suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ba ya fashewa a hanya, wanda duk mai ɗaukar kiret a bayan babur a kan hanyar ƙauye zai gaskata. Suna cewa awonsa ba ya canzawa, alhali ƙwan kaza wani babba wani ƙarami, yau kwaɓi ya yi ruwa gobe ya yi tauri. Suna cewa an riga an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Sun kuma ce yana daɗewa a ajiye, ɗanyen ƙwai kuwa a zafin Lafiya na watan Maris, sa'ad da rana take haura digiri 35, in ya yi mako biyu a kan teburin mai shago farinsa ya fara tsinkewa ya zama ruwa. Akwai ma garin farin ƙwai zalla, wanda ba gwaiduwa a ciki, da Turawa suke barbaɗawa kaɗan a haɗi in suna son curi ya yi tauri kamar tsakuwa saboda ƙwarin ruwa masu ƙahon cizo da suke damunsu.

Duk wannan gaskiya ne a inda aka faɗe shi. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Daɗewar da ake yabon garin ƙwai da ita sharaɗi gare ta: a rufe yake ruf, a wuri mai sanyi, marar laima. A haka yakan kai shekara. Amma da zarar an buɗe leda a cikin damina, daga Afrilu zuwa Oktoba sa'ad da iskar Lafiya take jiƙe sharkaf, gari sai ya sha laima ya dunƙule, maiƙon gwaiduwar da ke cikinsa ya soma ɓaci ya yi wari irin na tsohon man gyaɗa. Mai fatsa da bai buƙaci fiye da cokali shida ko bakwai a mako ba, yaushe zai ƙarar da kilo guda kafin ya lalace? Bugu da ƙari, zafin da gari ya sha a masana'anta yakan rage masa ƙarfin ɗauri kaɗan, shi ya sa da yawa daga masu haɗa ƙoto a can Turai ɗin ma suke cewa curin ɗanyen ƙwai ya fi mulmuluwa da santsi, bai cika tsagewa ba. Kamfanoni masu yin tan-tan su ne suka fi jin daɗin gari ko ruwan ƙwai na jarka, domin ba su da lokacin fasa ƙwai dubu goma.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. Wasu suna tsammani tun da garin yana daɗewa, to ƙoton da aka yi da shi ma zai daɗe. Sam ba haka ba ne. Da an zuba masa ruwa an dafa, ya koma ƙwai kamar kowane ƙwai, kuma fumfuna ba ta tambayar daga ina ya fito. Curi mai laima in an ƙulle shi a leda a ɗaki mai zafi, kwana biyu zuwa uku ya isa ya yi gashi. Turawa suna maganin wannan da firji mai ƙanƙara ko da magungunan hana ruɓa. Mutumin Shabu da wutar lantarki ba ta zama masa abin dogaro ba yana da abin da Bature ba shi da shi, watau hunturu. Curin da aka baza a faifai a inuwa a watan Disamba ko Janairu, ana jujjuya shi, cikin 'yan kwanaki yake bushewa ƙayau, a zuba shi a buhun yadi ko kwando mai shan iska a rataye. Bushewa ita ce mai adana ƙoto, ko da wane irin ƙwai aka yi shi.

Amma kafin a kai ga wannan duka, akwai tambayar da masu gardamar suka tsallake: ina kaf ɗin yake? Kifin ba baƙo ba ne ƙwarai a wannan shiyya. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Mangu a farkon shekarun 1950, aka kawo kaf daga Ostiriya a 1954 aka zuba, sanyin tsaunin Filato kuwa ya karɓe shi ya hayayyafa. Daga Panyam aka riƙa rarraba 'ya'yansa zuwa wurare da dama, kuma kada a manta, har ranar 1 ga Oktoba 1996 Lafiya da Panyam a jiha ɗaya suke. Duk da haka kaf bai ci kasuwa ba. Yana da ƙananan ƙayoyi a cikin tsoka, waɗanda mai ci ba ya so, kuma ba shi da juriyar tarwaɗa, wadda take shaƙar iska kai tsaye, a cusa ta da yawa a ƙaramin tanki ta rayu, a kai ta kasuwa da ranta, a banda ta ta yi kyau. Yau kusan duk wanda ya ce yana kiwon kifi a Nijeriya tarwaɗa yake nufi, sai kuma karfasa a bayanta.

A rafuka da koguna kuwa, dangin kaf na gida shi ne burdo da ire-irensa, kifi mai baki a ƙasa wanda yake lasar gansakuka da dattin ƙasan ruwa. Ba safai yake cin ƙugiya ba, a raga aka fi samunsa. Karfasa bakinta ƙarami ne, curi mai tauri kamar magarya bai dace da ita ba, ta fi son tana ko ɗan kwaɓi mai taushi. Tarwaɗa da ramboshi da kurungu da gashin bakinsu suke neman abinci, yawanci da dare, kuma abin da ke da ƙarni ko wari shi ke jan su: tana, hanjin kaza, gara, ƙaramin kifi, har gutsuren sabulu masunta sukan maƙala. Ga irin waɗannan kifaye, curin da aka dafa har fatarsa ta rufe ƙanshin da ke ciki, ai an yi aikin baya ne.

Har ila yau, wanda ya kwaikwayi curin bai kwaikwayi yadda ake ɗaura shi ba, asara zai yi. Ƙoto mai tauri in an soke shi a ƙugiya yana rufe bakinta, kifi ya haɗiya ya tofar ba ta kama shi ba. Wajen shekarar 1980 wasu Turawa biyu, Lenny Middleton da Kevin Maddocks, suka fito da hanyar ɗaura curin a wani siririn zare da ke reto a ƙarƙashin ƙugiya, ita kuwa a bar ta tsirara, in kifi ya zuƙi curin sai ta bi shi cikin baki. Da wannan zare ne dafaffen curi ya yi suna. Ban da shi, rabin dabarar kawai mutum ya riƙe.

Masunta na gado ba su jira Ingila ba kafin su san ɗaure ƙoto. Masu kafa gura, musamman irin wadda ake kira gurar Mali, da dusa suke aiki: a dafa dusar dawa ko ta masara har ta yi danƙo, a cura, a jefa cikin gura, ta kwana tana sakin ƙanshi kaɗan-kaɗan. Sitacin hatsi in ya sha zafi yana kumbura ya zama danƙo, aikin da ƙwai yake yi ke nan ta wata hanya. Kuma a cikin masu sitaci babu kamar rogo, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa, wanda kuma a Shabu ba sai an je nesa nemansa ba. Masu haɗa abincin tarwaɗa a gida sun daɗe suna ɗaure shi da kunun sitacin rogo kafin su tura shi a injin. Abin da ya riƙe abincin tanki zai riƙe na ƙugiya.

In kuwa mutum yana kamun kifi a wurin da ƙanana da ƙaguwa suka hana ƙoto zama, har yana son fata mai tauri, to a nan ƙwai yana da amfani, kuma amsar tambayar a fili take: ɗanyen ƙwai, kuma ba sai lafiyayye ba. Duk gidan kaji da duk dillalin ƙwai yana da masu tsagewa waɗanda ake sayarwa da rahusa. Muddin na ranar ne, ba su yi wari ba, kuma ba daga gonar da kaji suke mutuwa suka fito ba, to ɗaurinsu ɗaya ne da na kiret. Ba kuwa sai goma ba. In an haɗa garin masara da dakakken ƙuli-ƙuli da garin busasshen kifi, aka sa ɗan daddawa domin wari, aka ɗaure da kunun rogo, ƙwai biyu ko uku sun isa kilo guda ya yi fata. Dahuwar kada ta wuce minti ɗaya da rabi ko biyu, don cikin ya zauna da taushi. A kula da ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, gubarsa tana cutar kifi tana cutar mai cinsa.

Inda maganar ƙwai take da nauyi na gaske a wannan yanki ba a bakin ƙugiya ba ne, a ɗakin ƙyanƙyasar kifi ne, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe. Ƙwan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin kwana guda. Jaririn yana fitowa da ɗan jakar abinci a cikinsa wadda take riƙe shi kwana uku, daga nan sai ya buɗe baki yana neman abin ci, bakin kuwa bai kai kan allura ba. Waɗannan kwanaki na farko su ne suke raba mai riba da mai hasara, domin a cikinsu ne dubbai suke mutuwa a dare ɗaya. Abincin da ya fi dacewa da su shi ne ƙananan halittun ruwa masu rai. Masu hali sukan sayi atimiya, wasu ƙwayoyin ƙwarin ruwan gishiri da ake shigowa da su a gwangwani, da yawansu daga wani babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Da dala ake sayensu, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya fi ƙarfin ƙaramin mai ƙyanƙyasa. Sai ya koma ga abin da ke kusa, watau dafaffiyar gwaiduwa, a murje ta a cikin ƙyalle mai laushi a tace a ruwa. Masu kiwon kaf a Asiya da gabashin Turai ma da ita suke fara ciyar da jarirai a kwanakin farko.

Dabarar tana aiki, amma tana da haɗari biyu. Na farko, gwaiduwa tana ɓata ruwa da sauri. Abin da jarirai ba su ci ba yana kwanciya a ƙasa ya ruɓe, ya cinye iskar ruwa, ya saki guba, da safe mai tanki ya tarar da farin tabo a ƙasa, gawarwaki ne. Maganinsa a ba su kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a riƙa zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo bayan kowane ci, a kuma canza ruwa. Na biyu, ƙwai ba cikakken abinci ba ne ga kifi, alal misali babu bitamin C a cikinsa ko kaɗan, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasar nan sun sha nuna cewa jariran da aka reno da gwaiduwa kaɗai ba su kai na abinci mai rai girma da tsira ba. Gada ce ta 'yan kwanaki, kafin a mai da su kan abinci mai rai ko garin abincin jarirai.

Ɗanyen ƙwai kuwa kada a kuskura a zuba shi haka nan. A cikin farinsa akwai wani sinadari mai kama wani bitamin da ake kira bayotin ya hana jiki amfani da shi, akwai kuma wani mai hana narkewar abinci, zafi ne kaɗai yake karya su. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga wata hanya mai sauƙi a 1980: a fasa ƙwai guda duka, a kaɗa shi sosai har fari da gwaiduwa su zama ɗaya, a kwarara masa tafasasshen ruwa da sauri ana juyawa. Sai ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo a ruwa, kowace ƙwaya farin ƙwai ya naɗe gwaiduwa a ciki, ba ta saurin narkewa. Wannan ya fi gwaiduwa zalla tsabta, ya kuma fi ta sinadarin gina jiki, ga shi ba a zubar da rabin ƙwan ba. Da garin ƙwai ma ana iya yin haka in an fara jiƙa shi, amma wanda ya barbaɗa shi a tanki a bushe yana tsammani ya huta, ya sani cewa busarwar masana'anta ba dahuwa ba ce, kuma gari mai laushi haka ya fi komai saurin dagula ruwa. Mai ƙyanƙyasa da ƙwai ɗaya ya ishe shi yini guda ba shi da hujjar sayen kilo.

To, ashe garin ƙwai ba shi da wuri a ƙasar nan ke nan? Yana da shi, babba ma, sai dai ba a hannun mai fatsa ba. Masu kiwon kaji sun san abin da ake kira ambaliyar ƙwai, lokacin da kaji suke ta yi kasuwa kuwa ta tsaya. Wani mai muni ƙwarai shi ne na watannin Fabrairu da Maris na 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya janyo ƙarancin kuɗi a hannu, masu shayi da masu shago suka kasa saye, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta yi kukan miliyoyin kiret da suka lalace. Jihar Filato, maƙwabciya, tana cikin manyan masu samar da ƙwai a Arewa, kuma motocinta da yawa ta Akwanga da Lafiya suke bi. A daidai wannan lokaci kuma masu yin biskit da kek da sauran kayan maƙulashe na kamfani da garin ƙwan waje da yawansu suke aiki. Injin busar da ƙwai a wannan shiyya zai mai da asarar wata biyu ta zama abincin shekara, ya shiga kunun yara da abincin makarantu. An yi wani bincike a ƙasar Ekwado, aka buga shi a 2017, inda aka riƙa ba jarirai ƙwai ɗaya kullum har wata shida, aka ga tsumburewa ta ragu da kusan rabi a cikinsu. Da aka maimaita a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsawo ba, amma babu likitan da yake musun amfanin ƙwai ga yaro. A ƙauyuka da yawa kuwa har yanzu akwai masu hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata. Gidan da yaro bai samu ko ɗaya a mako ba, in aka fasa goma domin kifin da ba ya cikin rafin, ai an yi abin da Bahaushe ya hana tun da ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Tun da Allah ya sa akwai malamai da ɗaliban kiwon kifi a Shabu, wannan gardama ba ta buƙatar a yi ta da baki. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe yana iya ɗaukarta ya auna, ya kai sakamakon ga masunta da harshen da suke ji. Wanda ba ɗalibi ba ma yana iya yin rabin aikin a tsakar gidansa. A kwaɓa gari iri ɗaya a raba shi uku, ɗaya a ɗaure da kunun rogo kaɗai, ɗaya da ɗanyen ƙwai, ɗaya da jiƙaƙƙen garin ƙwai in an samu ɗan kaɗan a wurin mai yin kek. A cura su girma ɗaya, a dafa su lokaci ɗaya, a shanya su kwana ɗaya. Sa'an nan a ɗebo ruwan rafin da ake zuwa, ba na rijiya ba, a zuba a bokiti uku a ajiye a rana, domin ruwan ɗumi ya fi na sanyi saurin narkar da ƙoto, kuma ruwan nan ba na Ingila ba ne. A jefa curi a kowane bokiti bayan sallar azahar, a duba da la'asar, a duba da magariba, a sake dubawa da asuba. Mai fatsar yamma awa biyu zuwa uku kawai yake buƙata daga ƙotonsa. Mai kafa ƙugiyoyi su kwana shi ne zai jira ya ga abin da ya rage a bokiti da asuba.